Wa ya koya wa 'ya'yanmu jin kunyar sunayensu?

Duk mai son ya ga yadda muka sauya a 'yan shekarun nan, ya je wata firamare ta kuɗi a cikin garin Bauchi da safe, ya tsaya bakin taga lokacin da malama ke kiran suna. Zai ji Afnan da Ayman, ya ji Hanan da Nihal da Sultan, ya ji Amira fiye da ɗaya a aji guda. Da wuya ya ji Talatu. Da wuya ya ji Tanko ko Asabe ko Ɗanlami. In ma akwai mai irin wannan suna a ajin, to a gida aka baro shi, kuma yaron ya san in abokansa suka ji, ba shi da sauran sakat da tsokana har ƙarshen zango.

Sababbin sunayen ba su ne damuwata ba, ɓoyon ne yake damuna. Babu jaririn da ke zuwa duniya yana ƙyamar sunansa. Koya masa ake yi, kuma mu manya ne muke koyarwar.

Bahaushe bai taɓa tsayawa a suna ɗaya ba. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗa wa jariri a kunne, a bayyana shi ranar bakwai da sassafe a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, a yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Wannan kusan kullum na annabawa ne, ko sahabbai, ko matan Manzon Allah (SAW) da 'ya'yansa. Sai kuma na cikin gida, wanda galibi daga bakin mata yake fitowa, kaka ko goggo ko ungozoma. Shi wannan na biyun labarin haihuwar mutum yake ɗauke da shi. In ka ji Tanko, ka san mata ya biyo. Kande kuwa maza ta biyo. Gambo bayan tagwaye ya zo. Azumi cikin watan Ramadan, Sallau da Tasalla lokacin idi, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Cindo da yatsa shida, Auta kuma daga shi haihuwa ta tsaya. Ranakun mako ma kowacce da 'ya'yanta: Ladi da Ɗanladi, Altine da Ɗanliti, Talatu da Ɗantala, Larai da Bala, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. A zamanin da babu takardar haihuwa, tsohuwa ba ta iya gaya maka shekarar da aka haife ta, amma ta san ranar, domin da ita ake kiranta tun tana goye.

Fulanin da muka cakuɗa da su a wannan yanki su ma haka suke, da Dikko na fari, Sambo na biyu, Yero na uku. Wanda ya kafa masarautar Gombe ma da Buba Yero duniya ta san shi, kuma Buban nan Abubakar ne a bakin Bafillace, kamar yadda Bahaushe ke cewa Garba ko Habu, Babarbare ya ce Bukar.

Babban abin da ya sa ake buƙatar suna na biyu shi ne alkunya. Uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Matar gida ba ta faɗar sunan uban mijinta ko uwarsa, saboda haka in an mayar wa jariri sunan kakansa dole a nemo abin kiransa. Daga nan aka samu Abba da Baffa da Ummi da Uwani da Mai-sunan-Malam. Wannan al'ada ba ta mutu ba ko a gidajen 'yan boko, sai dai yanzu Walid da Walida da Khalifa da Amir ake cewa. Buƙatar tana nan daram, Hausar ce kawai aka zare.

Na taɓa kai ziyara wata makarantar kwana ta 'yan mata ranar da iyaye ke zuwa ganin 'ya'yansu. A bakin ƙofa akwai wata uwa da ta taso daga ƙauye, ta ɗauro zaninta na fita unguwa, tana riƙe da baƙar leda da ƙuli-ƙuli da ƙullin yaji a ciki. Ta tari wasu ɗalibai ta ce don Allah su kira mata Lami 'yar aji uku. Suka kalli juna, suka ce babu mai wannan suna. Sai da ta faɗi sunan mahaifin yarinyar da garinsu, sannan ɗaya ta gane, ta tafi tana danne dariya. Yarinyar ta zo da sauri, ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ledar, sannan ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Inna, don Allah a nan ba a san ni da wannan sunan ba." Uwar ta yi shiru, sannan ta ce, "To da wanne zan kira ki? Wancan sunan kakarki ne, bakina ba zai iya ba." Babu mai laifi a cikinsu. Uwar tana kiyaye mutuncin surukarta, 'yar tana kare kanta daga dariyar da ta san za ta sha a ɗakin kwana. Masu laifin su ne waɗanda suka sa sunan ranar Alhamis ya zama abin dariya.

Kuma ba ɓoyayyu ba ne. A wasannin kwaikwayonmu da finafinanmu, lura da wanda ake ba wane suna. 'Yar aikin da ake daka wa tsawa ita ce Talatu ko Indo. Maigadi ko baƙauyen da aka kawo don a yi masa dariya shi ne Tanko ko Ɗan'asabe. 'Yar Alhaji mai mota kuwa ba ta taɓa zama Kande. Yaron da ya tashi yana kallon haka kullum ba ya buƙatar a yi masa bayani. A Facebook da TikTok kuma har zagi ake yi da su: in ana so a ce wa mace ba ta waye ba, sai a laƙaba mata ɗaya daga cikinsu. Sannu a hankali masu hali da 'yan boko suka janye 'ya'yansu daga waɗannan sunaye, suka rage a hannun talaka da mutumin karkara, sai sunan ya zama tamkar shaidar talauci. Abin da yaran ke gudu ke nan. Ba ranar Talata suke ƙi ba, raini suke ƙi.

Abin ya kai har ga sunayen da asalinsu na Musulunci ne. Indo fa A'isha ce, Dije Khadija ce, Mairo Maryam, Binta Fatima, Kulu Hauwa'u, Audu Abdullahi, Iro Ibrahim, Mamman kuma Muhammadu. Kakanninmu sun karɓi waɗannan sunaye da ƙauna har suka narke a harshensu, wasu suka samu inkiya da kirari, kamar Umaru Sanda da Aliyu gadanga ƙusar yaƙi. Yau yarinya za ta amsa Khadija da fara'a, ka ce mata Dije ta ɗaure fuska har yamma.

Alhali tarihin da ke gabanmu bai goyi bayan wannan raini ba. Ba siyasar kowa nake magana ba, sunan kawai nake dubawa. Mutumin da ya mulki jihar Gombe daga 2003 zuwa 2011 Ɗanjuma Goje ake ce masa. Wanda ya hau kujerar gwamnan Bauchi a 2019 Bala ne. Balarabe Musa ya yi gwamnan Kaduna a 1979. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda gwagwarmayar 'yancin mata a Arewa, sunanta na yanka Hajaratu, amma da Gambo ta shiga tarihi. Juya takardar naira 20, matar da ke ginin tukunya a bayanta Ladi Kwali ce. Sunan rana bai hana kowa cikinsu zama abin da ya zama ba.

Akwai wata asara kuma da ba a cika lura da ita ba, wadda ta shafe mu mu 'yan Bauchi da Gombe musamman. Waɗannan sunaye ba na Musulmi kaɗai ba ne. Je Bogoro ko Tafawa Balewa ko Dass, je Billiri ko Kaltungo, za ka tarar da Kiristoci masu suna Ɗanladi da Ladi da Talatu da Asabe, ga kuma nasu na Hausa zalla irin su Godiya da Alheri da Murna. Shugaban Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, ɗan Bogoro, Yakubu Dogara sunansa. In an ce Ɗanjuma, ba ka san masallaci yake zuwa ko coci ba sai ka tambaya. A yankin da ya ɗanɗana rikicin addini da ƙabilanci, sunan da ba ya raba mutane gida biyu tun kafin a gaisa abu ne mai daraja. Yanzu wannan ɓangare ya karkata ga sunayen Larabci, wancan ga na Turanci, abin da ya haɗa mu yana ƙara ƙanƙancewa.

Ba kowane tsohon suna nake karewa ba. Akwai waɗanda suke da ciwo. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, wadda ake ce wa mai wabi, akan sa wa jaririnta Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya. Wannan camfi ne da baƙin cikin uwa ya haifa, kuma babu dalilin da zai sa baligi ya ci gaba da amsa sunan da ke cewa a jefar da shi a juji. Haka wanda ake kira Talle, kullum ana tuna masa maraicinsa. Duk wanda sunansa ke ƙona masa rai yana da haƙƙin ajiye shi, addini ma ya ba shi dama. Manzon Allah (SAW) ya sauya wa mutane sunaye: wata 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar da ita Zainab. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato mai tsauri, an ce masa ya koma Sahl, ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, jikan nasa kuma ya ce tsaurin bai bar zuriyarsu ba tun daga nan. Hausawa ma sun ce suna linzami ne. Suratul Hujurati kuwa ta hana jifan juna da munanan laƙabobi. Amma a lura, abin da aka sauya a duk waɗannan suna ne mai mummunar ma'ana ko mai yabon kai. Ina munin haihuwa ranar Juma'a? Ayar Hujurati ma kan mai tsokanar ta faɗa, ba kan mai sunan ba.

Wasu za su ce ai sababbin sunayen na Larabci ne, harshen Alƙur'ani, don haka ci gaba ne. Da yawansu kyawawa ne, ban musa ba. Sai dai a tambayi uban yaron ma'anar sunan, sau da yawa sai ya ce maman yaron ce ta gani a intanet, ko a wani fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka fassara. Wani kuma hujjarsa ita ce kalmar tana cikin Alƙur'ani, ya manta Fir'auna da Hamana da Ƙaruna ma suna ciki. Kyakkyawan suna haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kuma ba a sauke wannan haƙƙi da daɗin sauti kaɗai. Malamai suna nan a kowace unguwa, daga Jahun zuwa Wunti zuwa Yelwa. Tambaya kafin a yanka rago ba ta cin ko kwabo.

Inda maganar suna ta fi zama wahala a yau shi ne wajen takardu. Tun da aka kawo lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ga masu rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a 2021, matasa da yawa suka gano suna da suna uku ko huɗu a hukumance. Takardar firamare ta ce Ɗanlami, ta sakandare ta ce Muhammad, banki ya rubuta Mohammed, katin zaɓe ya juya na uba ya zama na fari. Sai a shiga zaryar kotu don takardar rantsuwa, a biya kuɗin sanarwa a jarida, a bi layi a ofishin gyara. A wannan zaryar ce yawanci ake yar da sunan Hausar, saboda shi ne ake ganin ya jawo rikicin, alhali rashin rubuta shi daidai tun farko ne ya jawo.

Magabatanmu da suka fara shiga boko an haɗa musu sunansu da na garinsu, shi ya sa muka san Abubakar Tafawa Balewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da haka. Mu muna da damar da ba su samu ba, ta zaɓar abin da za a rubuta. Uba ya karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun jaririn yana cikin zanin goyo, ya tsayar da rubutu guda ɗaya, ya bi shi a kowace makaranta. In kakar yaron ta kira shi Bala ko Gambo, a rubuta shi kusa da sunan yanka, a kuma zaunar da yaron a ba shi labarin yadda aka yi ya samu sunan. Malamin aji kuma ya ɗauki tsokanar suna da nauyin da yake ɗaukar zagin iyaye. A fom ɗin NIN akwai gurbin suna na tsakiya, kuma babu dokar da ta ce sai na Larabci ko na Turanci za a sa a wurin.