Daren da na zama sufeto a asibiti

Ƙanina ne ya turo mini fim a waya, wai in rage dare da shi, tunda ni zan kwana da Kawu a asibiti kafin a yi masa aikin ƙaba da safe. Duk finafinan duniyar nan, yaron nan bai ga na turowa ba sai wanda ake kashe majinyaci a ɗakin tiyata.

Green for Danger sunansa, na Ingila ne, ya fito a 1946, ba kala. Labarin wani asibitin karkara ne a 1944, lokacin da Jamus ke harbo bama-baman V-1 masu tashi da kansu. An kawo wani mai rarraba wasiƙu da bam ya jikkata, ana ɗora shi kan teburin aiki ya ce ga garinku nan. Sai ga Sufeto Cockrill, wato ɗan wasa Alastair Sim, dogo mai sanƙo, yana bincike yana yi wa likitoci shaƙiyanci, har likita mai ba da maganin barci, wato ɗan wasa Trevor Howard, bai tsira daga zargi ba. Ashe fenti ne ya yi kisan. Silindar iskar kabon dayoksaid koriya ce, aka shafe ta da baƙi ta koma kamar ta oksijin, aka shaƙa wa majinyacin.

Can tsakar dare na gama kallo, na ɗaga kai, sai ga wata baƙar silinda a jingine kusa da gadon Kawu. Fentinta har ƙyalli yake yi. Gabana ya faɗi. Na zaro makullin babur, na durƙusa, na hau kankara.

"Malam, lafiya?" Nas ce a kaina, da tocila.

Na ce, "Sista, kore nake nema."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ƙwala wa mai gadi kira. Shi kuwa yana zuwa ya yanke hukunci: ɗan gwangwan ne, ƙarfe ya zo sata. Ina ta bayanin Ingila da Jamus da mai wasiƙu, yana ta damƙe mini wuyan riga. Majinyata duk sun tashi zaune, har mai karaya.

Na ce a tambayi Kawu. Tsohon nan ya buɗe ido ɗaya, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "'Yar nan, ni dai da safe za a yi mini aiki, ban da hayaniya." Ya juya ya ja bargo.

Silindar ma babu komai a cikinta, ƙofa ake tokarewa da ita. Aka ce in biya kuɗin fenti, na ƙarasa kwana a benci tare da sauro. Da gari ya waye, allura aka yi wa Kawu a gadon baya, aka yi masa aikin yana ido biyu, yana ba likita labarin ɓarawon da aka kama jiya.