Duwatsun Bauchi na jiran matakala

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala a Kano ya san abin da matakala ke yi wa gari. Tun zamanin Barbushe ake hawan dutsen, amma matakalar siminti ce ta sa yau dattijo da ɗan firamare ke iya kaiwa can sama su ƙare wa birnin kallo. A Idanre ta jihar Ondo, taki sama da 600 ne ke kai baƙo tsohon garin da ke bisa dutse, da wuraren hutawa a hanya. Dutsen Olumo na Abeokuta kuwa har lif aka sa masa.

Mu a Bauchi Allah ya hore mana duwatsu, har unguwa gare mu mai suna Dutsen Tanshi, amma hawansu sai awaki da samari masu jini a jika. Ina ganin lokaci ya yi da za a zaɓi ɗaya a yi masa matakala ta gani ta faɗa: mai faɗi, da ƙarfen dafawa saboda tsofaffi da mata masu goyo, da rumfa a kowane zango inda mai fura da mai tsire za su kasa sana'arsu.

Abin da ya fi damuna shi ne tarihi. Malam Yakubu ya kafa garin nan a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Yaran yau sun san Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nassarawa a matsayin wuraren sauka daga Keke Napep kawai. Daga kan dutse ne malami zai nuna musu da yatsa yadda ƙofofin suka yi wa fada zobe, ga masallacin Juma'a, ga inda Sir Abubakar Tafawa Balewa yake kwance tun 1966. Kuma baƙin da ke wucewa Yankari don wanka a Wikki za su sami dalilin kwana a gari maimakon su sha mai su wuce.

Za a ce ana fama da ruwan sha da magani, wa ke ta matakala? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai dutsen na nan a kyauta, magina kuma 'yan gida ne, aikin bai kama ƙafar kuɗin gadar sama ɗaya ba. Tsoron da na fi ɗauka da gaske shi ne a gina a watsar, wurin ya koma mafakar 'yan sara-suka da mashaya. Don haka tun kafin a aza tubali a tanadi fitilu masu aiki da hasken rana, a ɗauki masu gadi daga unguwar da dutsen yake, a sa ɗan kuɗin shiga da za a riƙa gyara da shi, ɗalibai su hau kyauta.

Kafin duk wannan ma, a shata iyakar dutsen da aka zaɓa a hukumance, domin masu fasa tsakuwa da masu yanka filaye ba za su jira a gama shawara ba.