Wai waye Ligan?

Ranar Talata muna da furaktikal na kemistiri, aji ɗaya a jami'a, ni kuma ba ni da rigar lab sai na ari ta yayana, fara tas an goge ta da sitati. Aikin ba wuya, ruwan FeCl3 ne (wani sinadari mai ƙarfe a ciki) a ƙaramar kwalbar gwaji mai ɗan kalar ruwan ɗorawa, ka ɗiga masa ruwan wani sinadarin, KSCN, kaɗan. Malam ya riga ya yi mana bayani cewa ƙarfen da ke cikin ruwan, Fe3+, yana zaune a tsakiya kamar hakimi, ƙwayoyin ruwa shida sun kewaye shi kowa ya miƙa masa iletiron biyu, su ne ake kira ligan, wai tun 1893 wani Alfred Werner ya tsara wannan zancen har suka ba shi Nobel a 1913. Da SCN- na cikin KSCN, shi ma ligan ne, ya shigo sai ya ture ruwa ɗaya ya zauna a kujerarsa, nan take abu ya koma ja wur kamar jinin rago.

Malam ya ce ɗigo biyu. Ni da nake son burge 'yan bencinmu na zuba rabin kwalba, na toshe bakin da babban yatsa na girgiza (kar ku yi), abu ya fantsamo min daga ƙirji har aljihu.

Haka na hau Keke na koma gida, rigar a jikina don ba ni da leda. Umma na tsakar gida tana tankaɗe, tana ɗago kai ta saki rariya ta rafka salati.

"Ɗan nan waye ya yi maka haka?"

Na ce Umma ba komai, ligan ne ya kama ƙarfe.

"Ƙarfe ya ɗauka? Waye Ligan ɗin, ɗan gidan uban wa?"

Kafin in haɗa bayanin iletiron ta riga ta kira maƙociya, maƙociya ta kira mijinta, shi kuma ya fito da babur wai a tafi asibiti daga nan a wuce ofishin 'yan sanda. Sai da na tuɓe har singileti aka duba ni ciki da baya babu ko ƙwarzane.

Rigar dai an wanke ta sau uku, jan ya fita ya bar tabon tsatsa, yayana yana bina kuɗin sabuwa. Umma kuma har yau in zan fita sai ta ce in yi nesa da yaron nan Ligan.