Dutsen kicin ɗina da mai "gobe in sha Allahu"

Wata huɗu ke nan ina wanke-wanke a tsugune a bayan gida, cikin baho, alhali ga kicin can na kashe masa kuɗin da ban taɓa kashe wa ɗakin kwanana ba. Duk sanda na wuce ta ƙofarsa sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Shekara biyu ina zubin adashe a wurin aiki don abu ɗaya: in rabu da katakon nan da ake shimfiɗawa a saman kabad, wanda ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodi, kyankyasai su samu gidan haya. Na ce dutse zan saka, giranit, wanda za a sauke tukunya daga wuta a ɗora masa bai ko gezau ba. Da kwasa ta zo kaina na tashi daga Unguwar Dosa a Kaduna, na haye gada, na je wani shago da wata abokiyar aikina ta yi min kwatance. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a har kunne. "Hajiya, kin zo gida." Ya ɗauko wani guntun dutse baƙi wuluk, yana sheƙi kamar madubi, ya ce Absolute Black ne daga Indiya, kaurinsa santimita 3. Na juya shi, na ji nauyinsa a hannuna, na ce shi nake so. Muka yi ciniki, ya karɓi kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, ya ce sati biyu in zo in ga aiki.

Sati biyun nan sai da ya zama sati bakwai. Yau babu wuta, gobe dizal ya yi tsada, jibi mai yanka ya tafi Zariya ta'aziyya. Kowane kira da "gobe in sha Allahu" yake ƙarewa, har na fara jin nauyin yadda ake jawo sunan Allah cikin ƙarya. A sati na biyar kuma ya ɓullo da sabuwa, wai dala ta tashi, sai na yi ciko. Ba a ƙauye nake ba, na san tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa ya bi ta. Amma Malam, dutsen da na gani da idona jingine a bangon shagonka ranar da na biya, dalar ce ta shiga cikinsa ya kumbura? Na yi cikon, don kuɗina na hannunsa, kuma ya san haka.

Wani abin takaicin ma, a kan dutse muke zaune. Duk wanda ya bi hanyar Kajuru, ko ya hangi Kufena a Zariya, ko duwatsun Kagoro, ya san Allah bai rage mu da dutse ba. Kullum tifa-tifa na wucewa da tsakuwa. Mu dai galibi fasawa muke yi mu zuba a kankare, gogaggen falle kuwa mu jira Indiya da Chaina, sannan a zo ana yi mana wa'azin dala.

Tun ranar awo ya kamata in farga. Yaro ɗaya aka turo, da tef a aljihu, yana aunawa yana rubutawa a bayan kwalin ashana. Na ce masa, "Ɗan nan, bangon gidajenmu fa ba a miƙe yake ba, kusurwar nan ma da ido kana ganin ta karkace." Masu aikin kirki filawud ko kwali suke yankawa daidai da siffar wurin, da ramin sinki da na murhun gas, su tafi da shi su ɗora a kan dutsen kafin su sa injin. Dutse ba yadi ba ne da tela zai farke ya sake ɗinkawa. Yaron ya yi min murmushin raini ya ce, "Hajiya, wannan aikinmu ne." To, na ga aikin nasu.

An kawo kayan a a-kori-kura, a kwance, an jibga buhun siminti a kai, an bi duk ramukan hanya da shi. Fallen dutse a tsaye ake ɗaukarsa kamar gilashi, ko ni da ba sana'ata ba na sani. Da aka ɗora, tsakaninsa da bango yatsana biyu na shiga. Ramin sinki kuma ya yi kaɗan. Maimakon su mayar shago su gyara da injin da ke yanka da ruwa, sai suka jona giranda a cikin kicin ɗina suka hau yanka a bushe. Wayyo ƙura! Ta shiga garin tuwo, ta shiga kwanuka, ta kai har labulen falo, autana ya kwana uku yana tari. Shi kansa yaron da ke yankan ko takunkumi babu a fuskarsa, gashin idonsa ya yi fari fat. Ƙurar giranit ba irin ta harmatan ba ce, tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta lalata shi, kuma ba ya komawa daidai. Duk fushin da nake ciki sai da ya ba ni tausayi. Giɓin bangon kuwa farin siminti suka cusa, suka shafe da yatsa, suka karɓi sauran kuɗi suka tafi.

Ƙanena, wanda gini ya karanta, shi ya tona asirin. Ya zo ganin aiki, ya zura hannu ta ƙarƙashin bakin dutsen, sai na ga ya yi shiru. Ya ce, "Yaya, zo ki taɓa nan." Ashe mai santimita 2 aka sa min, aka yanko siririn ɓalli aka liƙa da gam a bakinsa don ya yi kauri a ido. Ya yi min lissafi: murabba'in mita ɗaya na mai santimita 3 yana kai kilo 80, na mai 2 kuwa bai wuce 55 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dutsen da na biya bai shigo gidana ba. Sannan ya ce in kawo ruwan goge farce da farin ƙyalle. Ya goga a wani lungu, ƙyallen ya fito baƙi ƙirin. Rini ne. Dutse ne mai ruwan toka aka shafe da baƙi, aka sayar min da sunan na Indiya. Yanzu duk inda soso ya fi bi ya yi dabbare-dabbare kamar jikin hawainiya, kuma da yake ba su shafa masa maganin da ke toshe ƙofofin dutse ba, inda kwalbar manja ta kwana zobenta na nan har yau.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kwana tara da sakawa, ina tara ruwa a tukunya, na ji ƙas! Siririn gefen da ke gaban sinki ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wurin nan shi ne mafi rauni, shi ya sa ake tallafe shi ta ƙasa ko a binne masa ƙarfe. Su ba su sa komai ba, a iska suka bar shi. Mai gyaran famfo ya ce in daina amfani da sinkin, don ruwa na bin tsagar yana jiƙa kabad. Ga ni nan da bahona.

Na kira mai shagon. "Hajiya, ƙila yara ne suka hau kai." Na ce kaurin fa? Ya ce in duba rasit. Na duba, kalma ɗaya ce a jiki, giranit, sai kuɗi. Babu suna, babu kauri, babu ranar kawowa. Wannan kam sakacina ne, na yarda da baki da murmushi, kuma guntun samfurin da ya nuna min ban karɓa ba. Daga nan sai ya sauke murya: "Sai haƙuri, Hajiya." Maigida ma haƙurin yake ba ni, wai in bar shi da Allah, kada a ce matarsa na rigima a kasuwa. Na gaji da wannan kalma. Haƙuri ana ba wanda ƙaddara ta faɗa wa, ni kuwa zama aka yi aka auna, aka liƙa, aka rina, aka cuce ni da gangan. Akwai hukumar FCCPC ta tarayya mai kare haƙƙin masu saye, kuma doka ta ce abin da aka kawo maka ya dace da samfurin da aka nuna maka. Baƙin ƙyallen nan na ajiye shi a leda, da hotuna, da duk saƙonninmu na WhatsApp.

Shekaranjiya abokiyar aikin nan tawa ta miƙo min waya ta ce in gani. Kicin ɗina ne a shafin mai shagon na Facebook, hoton da yaransa suka ɗauka ranar da suka saka, daga gefen da giɓin bango ba ya fitowa, har da butar shayina a ciki. A ƙasa ya rubuta wai wata Hajiya ce ta yaba da aiki. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun tambayi lambarsa.