Wai tuta ƙyalle ce kawai?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan la'asar na tsaya wajen mai wankin mota a unguwarmu, sai na ga yaron yana goge tayar adaidaita sahu da wani tsumma, da na duba da kyau ashe tutar Najeriya ce, irin ƙananan nan da ake saidawa a danja idan 1 ga Oktoba ta matso. Na ce masa kai ɗana, da tuta kake goge taya? Ya yi dariya ya ce Malam ai ƙyalle ne kawai, kuma me ƙasar ta tsinana min. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi nan take, don rabin maganarsa akwai gaskiya a ciki.

Eh ƙyalle ne, tela ne ya ɗinka, ba ta amfanarwa ba ta cutarwa, duk wanda ya ɗauka akwai wata albarka a jikin zarenta to ya gyara tauhidinsa. Amma ku tuna yaƙin Mu'uta. Shekara ta 8 bayan hijira, Musulmi 3,000 a gaban rundunar Rumawa, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta har ya yi shahada, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, aka sare masa hannun dama ya mayar hagu, aka sare hagun ya rungume ta da damatsansa a ƙirji har rai ya yi halinsa, sannan Abdullahi ɗan Rawaha, sannan Khalid. Allah ya ƙara musu yarda. Yanzu don Allah Ja'afar bai san ƙyalle ba ne? Ya sani sarai. Abin da ya sani kuma shi ne idan tutar nan ta faɗi ƙasa, zukatan mutanen da ke bayansa ne za su faɗi tare da ita. Ranar Khaibara ma sahabbai kwana suka yi kowa na fatan shi za a ba tuta, da safe Manzon Allah (SAW) ya miƙa wa Aliyu.

Ko a nan gida, Shehu Ɗanfodiyo tuta ya ba su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, shi ya sa har yau ake cewa masu tuta.

Kar wani ya ce na haɗa tutar jihadi da kore fari kore, ban haɗa ba, tazarar kamar sama da ƙasa ce. Tamu wani ɗalibi ne mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana ta, aka fara ɗaga ta a 1960, babu aya babu hadisi a kanta. Kuma maganar nan ta hubbul waɗani minal iman, wato son ƙasa yana daga cikin imani, da ake yawo da ita duk shekara, malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga Annabi ba, mu daina jingina masa. Tsayuwa don tuta ko taken ƙasa kuwa malamai sun yi saɓani, kwamitin fatawa na Saudiyya ya hana, Darul Ifta ta Masar ta ce babu laifi tunda ba ibada ake nufi ba. Wanda ka gamsu da hujjarsa bi shi, amma ka bar kafirta ɗan firamare don ya tsaya a asambule.

Ni inda nake jan hankali shi ne wulaƙanci. Ƙin tsayuwa daban, takawa da ƙonawa da goge taya daban. A ƙarƙashin ƙyallen nan ake ɗauko gawar sojan da ya mutu a dajin Sambisa, wataƙila ɗan maƙwabcinka ne, uwarsa na kallo. Fushinka da masu mulki ne, kuma kana da gaskiya, don mutumin da ya kafa tuta a kan teburinsa ya sa hannu ya cinye kuɗin asibiti ya fi yaron can wulaƙanta ta nesa ba kusa ba. To amma laifin ɓarawo kar ya shafi rumbu.

Sai wadda ta fi damuna, tutar Saudiyya. Kalmar shahada ce a jikinta, shi ya sa su kansu ba sa sauke ta rabin sanda ko da sarki ne ya rasu. Mu kuwa sai ka ga an buga ta a riga ko hula, an shiga banɗaki da ita, ko sitika a bayan babur taɓo na fallatsa mata. Wanda ke da irin wannan a gida ya duba yau ɗin nan, ya cire ya adana.

Yaron dai na ba shi tsohon tawul ɗin da ke cikin but, na karɓi tutar. Tana nan a jiƙe cikin omo, baƙin man bai gama fita ba tukuna.