Kafin ka murɗe diddigen abokin atisayenka

Samari masu koyon kokawar jujitsu, ina da magana da ku. Wani wata uku ke nan da fara zuwa, ko shaƙa bai iya karewa ba, amma da an tafa hannu sai ka ga ya zube ƙasa yana laluben diddigen mutum, don ya kalli bidiyo biyu da daddare.

Ban ce kada ku koyi kamun ƙafa ba. An daɗe ana raina shi a wannan wasa, har malamin jujitsu John Danaher ya zauna ya tsara shi a makarantar Renzo Gracie da ke New York, ɗalibansa irin su Eddie Cummings da Garry Tonon da Gordon Ryan suka dinga cin gasa da shi. A ADCC ta 2019, wato babbar gasar irin wannan kokawa ta duniya, Lachlan Giles ɗan Ostareliya, wanda ajinsa kilo 77 ne, ya sa ƙarti uku suka sallama da murɗe diddige, ya ɗauki tagulla a ajin da babu iyakar nauyi.

Sai dai ku murɗewar kawai kuke gani, sarƙewar da ta zo kafinta kuna tsallake ta. Ashi garami ne, ko 50/50, ko wanda ake cewa sirdi, duk aikinsu ɗaya: ka matse cinyar mutum tsakanin ƙafafunka, gwiwarsa na ciki, ƙugunsa ya kasa juyawa. Da zarar gwiwar ta zame ta fita, ba ka riƙe komai ba sai iska, ka kuma bar masa taka ƙafar a buɗe. Ka yi watanni kana koyon riƙe mutum a haka yana mutsu-mutsu, ba tare da ka taɓa diddigensa ba. Aikin gundura ne, na sani.

Ga inda abin yake ba ni tsoro. Idan aka lanƙwasa maka hannu, yawanci zafi kan yi maka sallama tukuna. Murɗe diddige ba haka yake ba. Diddige ake kamawa, amma gwiwa ce ke biya, kuma sau da yawa babu wani zafin kirki sai dai a ji ɓas, jijiya ta tsinke. Daga nan sai tiyata, sai wata tara ko shekara kafin mutum ya dawo, in ya dawo. Shi ya sa IBJJF, hukumar da ke shirya manyan gasannin jujitsu, ba ta yarda da murɗe diddige ba sai a 2021, shi ma a gasar da ba a sa riga, ga manya masu bel ruwan ƙasa da baƙi kawai. Mai farin bel kuwa makullin idon sawu na miƙe aka bar masa. Rousimar Palhares gwani ne a wannan fanni, amma UFC, kamfanin da ke shirya gasar faɗa, ya sallame shi a 2013 saboda ya ƙi saki bayan abokin karawarsa Mike Pierce ya sallama.

Don haka in ka samu diddige a atisaye, riƙe kawai, ka kalli fuskar abokinka, ka saki. Ku biyun kun san ka kama. Kai kuma da aka kama, kada ka yi jarumtar banza, kada ka birkice don ka kuɓuta ba ka san ta wane gefe za ka juya ba, da kanka za ka ƙarasa masa murɗewar. Da ka ji diddigenka ya zauna a kan dantsensa, buga hannu alamar ka sallama, in hannun a danne yake ka faɗa da baki.