Shakazoba mai hannu ba shi da laifi, gyaran fenti ne ya ɓata masa suna

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar Ingila irin MGB ko Morris Minor, ya ji tana rawa a kan hanya kamar kwalekwale, shawarar farko da zai samu a gareji ita ce ya cire tsohon shakazoban nan mai hannu ya sa na zamani, mai kama da bututu. Ina ganin wannan shawara ba daidai ba ce, a mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci ba zai yi mamakin siffar abin. Ɗan akwati ne na ƙarfen zubi, an ɗaure shi da notuna a jikin motar, hannu guda ya fito daga gefensa ya kama ƙafar taya. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, hannun ya motsa, ya juya wani shaf da ke ciki, shaf ɗin kuma ya tura fistan biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Man da ke gaban fistan ba shi da hanyar wucewa sai ta wani ɗan bawul mai sifirin, kuma wannan turjiya da mai ke yi wajen ratsa bawul ita ce ke hana mota ci gaba da tsalle. A saman akwatin akwai ma'ajiyar mai da murfinta, domin tun farko an ƙera shi ne a riƙa duba shi ana ƙara masa mai, kamar yadda ake duba giya.

Kamfanin Armstrong da ke garin Beverley a Ingila shi ne ya fi shahara da wannan samfuri. Nasa ne a MGB tun daga 1962 har aka rufe masana'antar MG da ke garin Abingdon a 1980, kuma an ƙera motar sama da rabin miliyan. Nasa ne a Morris Minor, wadda aka yi daga 1948 zuwa 1971, motar da dattawa suka sani da aikin tasi a Legas. A Amurka kuwa motocin General Motors sun daɗe da samfurin Delco-Lovejoy, Ford kuma ya sa samfurin Houdaille a motarsa Model A tun 1927. Shi Houdaille ba fistan ne a cikinsa ba, fukafukai ne ke juyawa a cikin mai, amma daga waje hannun nan dai za ka gani. Abin da ya ɗauki miliyoyin motoci shekaru da dama, a kan hanyoyin da ba su kai na yau kyau ba, da wuya a ce masa marar amfani.

To me ke kashe shi? Fistan da silindarsa ba kasafai suke lalacewa ba, tunda rayuwarsu duka a cikin mai suke yin ta. Ciwon yana wajen da shaf ya fito daga akwatin. A na Armstrong, shaf ɗin ƙarfe yana juyawa ne kai tsaye a cikin jikin zubin, wanda ya fi shi taushi nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ramin ya buɗe, shaf ya fara lilo, robar da ke tare mai ta gaza, mai ya fara tsiyaya. Mai mota bai duba ba, iska ta maye gurbin mai, daga nan hannu ya riƙa tafiya fayau ba abin da ke riƙe shi. Mafi yawan motocin da ake cewa shakazobansu na da "ba ya aiki", babu ko cokali guda na mai a cikinsa. Wasu ma lafiyarsa lau, bushin roban da ke haɗa hannun da aksil ne ya mutu, ko notunan da suka ɗaure akwatin suka saki yana buga jikin mota.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ake sayarwa da sunan gyararre. A wanke akwati, a cusa sabuwar roba a ramin da ya riga ya cinye, a ɗura mai, a fesa baƙin fenti, a sa a kwali. Kyan ɗan maciji ke nan. Wata biyu ko uku yana aiki, sai ka ga danshin mai ya sake bayyana a gindin hannu, domin ba a taɓa asalin ciwon ba. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu ba ya cewa an cuce shi, cewa yake yi ƙirar ce ba ta da kyau, ya je ya faɗa wa wasu goma.

Gyara na gaskiya aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, bakanike da sifana kaɗai ba zai iya ba. Kafin a raba hannu da shaf sai an yi alama, saboda haƙora ne suka haɗa su, kuma idan aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya, fistan zai riƙa kaiwa ƙarshen silinda kafin taya ta gama tafiyarta. Ana tura shaf waje da injin matsa, a faɗaɗa ramin da ya cinye, a zaunar da bushin tagulla a ciki domin nan gaba bushin ya riƙa cinyewa, jikin akwatin ya huta. Inda roba ta sassaƙe shaf, a goge shi ko a sa masa riga ta ƙarfe marar tsatsa, sannan a yanka mazaunin oyil sil na zamani. Bawul a fitar da shi a wanke, a duba sifirin ɗinsa, kada a haɗa na gaba da na baya don ba ƙarfinsu ɗaya ba. Daga nan sai aikin haƙuri: a ɗaure akwatin a tsaye a teburin aiki, a zuba mai, a riƙa kai hannu sama da ƙasa a hankali har kumfa ta daina fitowa. Wanda ya gyaru, hannunka zai gaya maka. Turjiya ce iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wani gurbi a tsakiya da hannu zai faɗa ba tare da ya ji komai ba. Idan aka yi haka, abin ya fi yadda ya fito daga masana'anta, tunda yanzu yana da bushin da can ba shi da shi.

Batun mai ma na da muhimmanci, kuma a nan mutane ke yi wa kansu ɓarna da hannunsu. Abin da ake so shi ne man haidurolik marar kauri, wajen lamba 20, wanda ba ya kumfa. Da yawa suna amfani da man shakazoban gaban babur, kuma yana yi. Man birki kuwa yana cinye robar. Mai son motarsa ta yi tauri sai ya ɗura man giya mai kauri, ya manta cewa bawul ne aka ƙera don ya tsara taurin. Mai kauri yana ɗaga matsin da ke ciki har sil ya fashe, ko haƙoran shaf su gutsure, ko notunan jikin mota su fara tsagewa.

Masu son canji suna da hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Tafiyar fistan a mai hannu gajeriya ce, man kaɗan ne, matsin kuma mai yawa, don haka idan aka daɗe ana gudu a hanya mai gargada man yana zafi, ya tsinke, riƙon ya ragu. Na bututu yana da doguwar tafiya, iska na dukansa yana hucewa, ga shi da arha wajen ƙerawa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka koma gare shi, kuma mai shiga tsere da motarsa yana da dalilin bin su. Amma mutum nawa ne ke tsere da Morris Minor? Mota ce da ake fitowa da ita ranar hutu a zaga gari.

Akwai kuma abin da masu sayar da kayan canjin ba sa son nanatawa. A gaban MGB, da ƙaramar 'yar'uwarta MG Midget, da Morris Minor, hannun shakazoba shi ne kansa hannun sama da ke riƙe ƙafar taya. Ba ya ciruwa. Abin da ake yi shi ne a bar akwatin a wurinsa, a zare bawul ɗinsa, a liƙa na bututu a gefe da wasu ƙarafa. Ke nan shaf ɗin da ya cinye yana nan daram, shi ke riƙe da tayarka, yana lilo kamar da, sai dai yanzu ba ka da dalilin tunawa da shi, balle ka zuba masa man da zai hana shi ci gaba da cinyewa. Ka kashe kuɗi, ka ƙara nauyi, ka ɗora ƙarfi a wani sashe na jikin mota da injiniyoyin ba su tanada don haka ba, matsalar da ta fi haɗari kuma ba ka taɓa ta ba. A baya kam canjin ya fi sauƙi, na yarda, amma ko can an sha ganin wanda ya sa na bututu mai tauri fiye da kima, mota ta koma tana dukan ƙugu kamar amalanke.

Ban da wannan, na bututu idan ya mutu sai bola, domin a rufe yake, an yi masa walda. Mai hannu kuwa yana buɗuwa, kuma akwatin da aka zuba a 1965 zai karɓi sabon bushi yau, ya sake karɓar wani bayan shekara talatin. Armstrong ya daina zuba su tuntuni, saboda haka masu gyara a Ingila da Amurka suke neman ka ba su tsohon naka kafin su ba ka gyararre. Kowane akwati da aka jefar ya rage wanda wani zai samu.

Don haka kafin ka biya kuɗin gyararre, tambaya ɗaya za ka yi wa mai shi: ya sa bushi a ramin shaf, ko roba kawai ya canja? Idan ya fara yi maka bayanin irin fentin da ya fesa, ɗauki akwatinka ka yi gaba.